Sabar Ko-ta-kwana: Tarihin Al'adar Riƙe wa Wani Wasiƙunsa a Intanet

Daga cikin al'adun da masu kula da kwamfutocin sadarwa suka gada daga magabatansu na shekarun 1980, akwai al'adar tanadar wa kowane yanki na intanet saba ta biyu wadda za ta karɓi wasiƙun imel idan ta farko ta kasa amsawa. Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake bari a kunne dare da rana domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima, shi kuwa yanki shi ne sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel, wanda ke nuna jami'a ko kamfani ko ma'aikatar da mai adireshin yake ƙarƙashinta. Aikin sabar ko-ta-kwana guda ɗaya ne: ta karɓi wasiƙar da ba tata ba, ta ajiye ta a layin jira, ta riƙa neman babbar saba lokaci-lokaci har ta farfaɗo, sannan ta miƙa mata abin da aka ba ta ajiya. Masu adireshi ba sa iya karanta wasiƙunsu a kanta, kuma galibinsu ba su ma san da zamanta ba. Ana yawan ɗaukar cewa an ƙirƙiro ta ne don kada wasiƙu su salwanta, amma wanda ya bi tarihinta zai ga cewa tun farko tsarin imel ya riga ya yi maganin salwanta ta wata hanya dabam, kuma abin da sabar ko-ta-kwana ta sauya shi ne a hannun wa wasiƙa za ta zauna yayin da take jira.

A shekarar 1971, lokacin da Ray Tomlinson na kamfanin BBN da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan hanyar sadarwar ARPANET, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'ura, abin da ke bayan alamar sunan kwamfuta ɗaya ce tak, wadda ke ajiye a wani ɗaki sananne. A shekarun da suka biyo baya, sunayen dukan kwamfutocin da ke kan hanyar sadarwar suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bayanai ta SRI da ke Kalifoniya take kula da shi ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kowace cibiya kuma takan kwafo shi lokaci-lokaci. A irin wannan tsari babu gurbin da za a rubuta cewa idan wance ba ta nan a kai wa wance, domin adireshi da na'ura abu ɗaya ne, kuma manyan kwamfutocin wancan zamani sukan tsaya don gyara ko don kwafe bayanansu a kan faifan tef fiye da yadda mai amfani da waya a yau zai iya jurewa.

A gefen ARPANET, wadda sai cibiyoyin da ke da alaƙa da ayyukan Ma'aikatar Tsaron Amurka ne suke shiga, wata duniyar ta girma wadda ajiye wasiƙar wani shi ne ginshiƙinta. Mike Lesk na Bell Labs ya rubuta manhajar UUCP, wadda ta fita tare da bugu na 7 na Unix a 1979, aikinta kuwa shi ne ta sa kwamfuta ta buga wa wata waya ta hanyar modem, su yi musayar abin da suka tara, sannan su ajiye layin. Tun da kiran nesa ya fi araha da dare, wasiƙa takan wuni tana jira a kan na'ura ɗaya, ta tsallaka zuwa ta gaba cikin dare, ta sake zaman jira a can. Mai aikawa shi ke rubuta dukan zangunan da wasiƙarsa za ta bi, yana raba sunayensu da alamar motsin rai, ta yadda adireshi kan fara da sanannun na'urori irin su ucbvax ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ko decvax ta kamfanin DEC, ko ihnp4 ta AT&T a jihar Illinois, ko seismo da Rick Adams ke kula da ita kafin ya kafa UUNET a 1987. Waɗannan cibiyoyi suna ɗaukar wasiƙun mutanen da ba su taɓa gani ba, su biya kuɗin wayar daga aljihun ma'aikatarsu, sau da yawa ba tare da masu riƙe da asusun ma'aikatar sun bi diddigin abin ba. CSNET da BITNET, waɗanda dukansu suka fara a 1981 don haɗa jami'o'i, su ma a kan ajiyewa da miƙawa suka dogara. Cuɗanyar waɗannan tsare-tsare, kowanne da irin adireshinsa, ita ta sa Eric Allman ya rubuta manhajar imel mai suna delivermail a Berkeley, daga baya ya faɗaɗa ta ta zama sendmail, wadda ta fita a 1983 ta kuma mamaye harkar kusan shekara ashirin. Duk wanda ya koyi sana'ar kula da imel a wancan lokaci ya taso ne yana ganin riƙe wa maƙwabci wasiƙa wani ɓangare ne na zaman tare.

A watan Agustan 1982 Jon Postel na cibiyar ISI ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da takardar RFC 821, wadda ta shimfiɗa ƙa'idar SMTP, wato tsarin tattaunawar da saba biyu ke yi idan ɗaya za ta miƙa wa ɗaya wasiƙa. RFC jerin takardu ne masu lamba waɗanda injiniyoyin intanet ke rubuta ƙa'idojinsu a ciki. Tattaunawar gajeriya ce: mai aikawa ta gabatar da kanta, ta faɗi daga wa wasiƙar ta fito, ta faɗi wa za a kai wa, sannan ta zuba rubutun, kuma a kowane mataki mai karɓa takan amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lambar da ta fara da 2, kamar 250, tana nufin an amince. Wadda ta fara da 4, kamar 421 ko 450, tana nufin ba yanzu ba, a dawo anjima. Wadda ta fara da 5, kamar 550, tana nufin an ƙi, kada a sake gwadawa. Muhimmancin 250 ɗin da ke biyo bayan rubutun wasiƙa ya zarce yadda ake zato, domin da zarar saba ta furta shi alhakin wasiƙar ya koma wuyanta, mai aikawa kuma tana da 'yancin share kwafinta, kuma daga nan wajibi ne mai karɓa ta isar da wasiƙar ko ta sanar da mai ita cewa ta gaza. Takardar RFC 1123 ta Oktoban 1989 ta fayyace wannan nauyi, ta kuma tsara cewa idan mai aikawa ba ta sami mai karɓa ba, ta ajiye wasiƙar ta riƙa sake gwadawa, da tazarar da ba ta gaza minti 30 ba, kada kuma ta haƙura sai an yi aƙalla kwana 4 zuwa 5. Shi ya sa sendmail ta saba aika wa marubucin wasiƙa gargaɗi bayan awa 4, ta dawo masa da ita bayan kwana 5, kuma wannan wa'adi ya ratsa bita biyu na ƙa'idar, RFC 2821 ta 2001 da RFC 5321 ta 2008, ba tare da ya sauya ba. Ma'anar wannan ita ce yankin da sabarsa ta mutu daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin ba zai rasa ko wasiƙa ɗaya ba idan duk masu aiko masa suna bin ƙa'ida, ko da kuwa ba shi da saba ta biyu.

Gurbin rubuta sunan mataimakiya ya samu ne da zuwan DNS, tsarin da Paul Mockapetris ya bayyana a takardun RFC 882 da 883 a Nuwamban 1983 don maye gurbin HOSTS.TXT, wanda ya yi girman da cibiya ɗaya ba za ta iya ci gaba da riƙe shi ba. DNS kundi ne da aka rarraba, inda kowane yanki ke rubuta bayanan kansa, sauran duniya kuma ta tambaye shi. A tsarin farko an ware wa imel bayanai iri biyu, MD mai nuna na'urar da wasiƙa za ta sauka a kanta, da MF mai nuna na'urar da ta yarda ta karɓa ta miƙa gaba. Matakai biyu kacal wannan tsari ya bayar, kuma tun da sabobin DNS sukan riƙe amsoshin da suka taɓa samu na ɗan lokaci, mai tambaya yana iya samun iri ɗaya ba tare da ɗayan ba, ya yanke hukunci a kan rabin labari. A Janairun 1986 Mockapetris ya haɗe su biyun cikin bayani guda mai suna MX a takardar RFC 973, Craig Partridge na CSNET kuma ya bayyana yadda sabobin imel za su yi aiki da shi a RFC 974. Kowane bayanin MX yana ɗauke da sunan na'ura da lambar fifiko, wadda ke iya kasancewa daga 0 zuwa 65535, kuma mafi ƙanƙantar lamba ita ake fara nema. Idan yanki ya rubuta na'ura ɗaya da 10, wata da 20, mai aikawa za ta fara neman mai 10, sai ta rasa ta sannan ta koma kan mai 20. Idan kuwa na'urori biyu suka zo da lamba ɗaya, ana so a zaɓa tsakaninsu ba bisa wani jeri ba domin nauyin ya rabu. Lambobin ba su da wata ma'ana a karan kansu, domin 1 da 2 za su yi aikin da 10 da 20 suke yi, sai dai masu kula sun saba barin tazarar goma-goma saboda wata rana a iya cusa wata na'ura a tsakani ba tare da an taɓa sauran ba. Yankin da bai rubuta MX ko ɗaya ba, ana kai wasiƙarsa kai tsaye ga adireshin na'urar da ke ɗauke da sunansa, kamar yadda ake yi kafin 1986.

Akwai wata doka a RFC 974 wadda ta fi sauran nuna zurfin tunanin marubucinta. Idan sabar da ke riƙe da wasiƙa ta duba jerin MX na yankin ta ga sunanta a ciki, dole ne ta watsar da kanta da duk wadda lambarta ta yi daidai da tata ko ta fi tata girma, ta nemi waɗanda ke gabanta kaɗai. In ba don haka ba, mai 20 za ta miƙa wa mai 30, ita kuma ta dawo mata da ita, wasiƙar ta yi ta zagaye har ta tara tambarin zanguna fiye da kima a jefar da ita. Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin sababbin shiga sana'ar ya samo asali ne daga nan, wato a rubuta na'ura a DNS a matsayin babbar saba amma a manta a sanar da ita kanta cewa yankin nata ne, sai ta duba jerin ta ga babu kowa a gabanta, ta mayar da wasiƙar da koken cewa hanya ta dawo kanta.

Ya kamata a lura cewa babban amfanin MX a shekarunsa na farko bai tsaya ga ranar da na'ura ta lalace ba. Abin da ya fi jan hankalin mutanen CSNET da UUCP shi ne cibiyar da ba ta kan intanet kwata-kwata ta iya samun adireshi mai kama da na kowa, domin bayanin MX nata zai nuna wata na'ura da ke kan intanet, wadda za ta tara wasiƙun har sai an bugo waya an kwashe. Ta irin wannan ƙofa ce imel ya fara shiga Afirka kudu da Sahara. Jami'ar Rhodes da ke garin da a lokacin ake kira Grahamstown a Afirka ta Kudu ta fara musayar wasiƙu a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar kiran waya zuwa na'urar Randy Bush a birnin Portland na jihar Oregon; ƙungiyoyi masu zaman kansu a ƙasashe da dama sun dogara da mashigar FidoNet ta GreenNet a Landan; cibiyar binciken Faransa ORSTOM kuma ta shimfiɗa hanyar sadarwarta mai suna RIO a kan UUCP, wadda ta haɗa ofisoshinta na Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai da na'urorinta na Montpellier. Ko sunan yankin Najeriya, wato .ng, da aka yi wa rajista a 1995, a shekarunsa na farko wata cibiyar bincike ce da ke Pisa ta Italiya take kula da ɓangarensa na fasaha. Ga masana da ma'aikatan waɗannan wurare, wasiƙa ta kwana a hannun wani a wata nahiya shi ne yadda aka saba kullum.

Cikin shekarun 1990, da intanet ta fita daga jami'o'i ta shiga kasuwa, tanadin saba ta biyu ya zama alamar cewa mai kula da yanki ya san aikinsa. Kamfanonin samar da intanet sukan haɗa wannan hidima da layin da suka sayar, masu kula a jami'o'i da ƙananan kamfanoni kuma sukan yi musaya tsakaninsu, wannan ya riƙe wa wancan, wancan ya riƙe wa wannan, ba takarda ba kuɗi, kamar yadda direban da ya kawo saƙo ya tarar mai gida ya yi tafiya yakan bar shi wurin mai shagon ƙofar gida, wanda ya san ranar da zai dawo. Musayar takan haɗa da riƙe wa juna kwafin DNS, domin jerin MX da ba a iya karanta shi ba shi da amfani, kuma takardar RFC 2182 ta 1997 ta ja kunne cewa kada a tara sabobin suna a gini ɗaya ko a kan layi ɗaya. Ofisoshin da ke shiga intanet ta kiran waya sun mayar da abin ɗabi'ar yau da kullum: sabarsu ita ce mai ƙaramar lamba duk da cewa yawancin yini ba ta kan layi, ta kamfanin kuma tana tara musu. Tsohuwar ƙa'idar 1982 ta tanadi umurnin TURN don mai kira ya ce a juyo masa da wasiƙunsa, amma ba ya tantance mai kiran, don haka kowa na iya kwashe wasiƙun wani. A 1996 RFC 1985 ta kawo ETRN, wanda ke sa mai ajiya ta buɗe sabon kira da kanta zuwa adireshin da ta sani. Haɗarin rataya komai a kan mashiga ɗaya kuwa an ɗanɗana shi tun Nuwamban 1988, lokacin da tsutsar Morris, wata manhajar ɓarna mai yaɗa kanta, ta bazu ta wata kafa a sendmail, cibiyoyi suka kashe sabobinsu don kare kai, har wani saƙo da ke bayanin yadda za a tare tsutsar ya maƙale kusan kwana biyu a wata babbar mashigar CSNET da aka rufe.

Idan mai aikawa za ta jira kwana 5 da kanta, ana iya tambayar abin da mai yanki ya ƙaru da shi. Amsar ita ce iko a kan layin jira. Wasiƙun da suka warwatsu a kan ɗaruruwan sabobi na mutane dabam-dabam kowacce tana bin agogon mai ita, wasu sabobin suna tsawaita tazarar gwaji yayin da kwanaki ke tafiya, ta yadda bayan babbar saba ta dawo sai wasiƙu su yi ta ɗigowa har tsawon yini, wasu kuma suna aika wa marubuta gargaɗin jinkiri wanda ke sa abokin ciniki ya ɗauka kamfanin ya rufe. Idan kuwa duk suna hannun aboki ɗaya, ana iya roƙonsa ya tsawaita wa'adin zuwa mako biyu saboda gobara ko ƙaura ko yankewar layi, ana iya sa shi ya sako su gaba ɗaya cikin mintuna, har ma a iya karkatar da su zuwa wata na'ura ta wucin gadi. Ga cibiyar da ke fama da ɗaukewar wutar lantarki ko layin tauraron ɗan'adam mai yawan katsewa, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Akwai kuma manhajoji marasa inganci da ke gwadawa sau ɗaya su haƙura, waɗanda ba su taɓa ƙarewa a intanet ba.

Abin da ya rusa wannan lissafi shi ne wasiƙun banza. Tun a 1978 wani ɗan kasuwar DEC ya watsa talla ga ɗaruruwan masu adireshi a ARPANET, amma sai a tsakiyar shekarun 1990 abin ya zama sana'a, kuma masu yinta suka gano cewa kusan kowace saba a duniya tana karɓar wasiƙa daga kowa zuwa ga kowa, gadon zamanin da miƙa wa baƙo wasiƙarsa ladabi ne. Paul Vixie ya fara jerin baƙin littafi na MAPS a 1997 don a riƙa ƙin karɓa daga adireshin da aka sani da ɓarna, kuma a 1998 bugu na 8.9 na sendmail ya fito da ƙofar miƙawa a rufe sai wanda aka buɗe wa da gangan. Manhajar imel ta Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta a cibiyar binciken IBM aka kuma sake ta a Disamban wannan shekara, ita ma a kan wannan tsantseni aka gina ta. Daga nan sabar ko-ta-kwana ta zama togaciya da sai an rubuta ta a fili: a Postfix, alal misali, ana lissafa yankunan da aka yarda a riƙe wa a ƙarƙashin relay_domains, duk wanda ba ya ciki kuma a ƙi shi.

Masu watsa tarkacen ba su daɗe ba suka fahimci cewa ta biyun ta fi ta farkon sauƙin shiga. Babbar saba ita ake zuba wa matattara da jerin baƙin littafi da kulawar yau da kullum, mataimakiyar kuwa tana can a hannun aboki, da tsohuwar manhaja da sassaucin sharuɗɗa, kuma babbar ta saba amincewa da duk abin da ya fito daga gare ta. Sai suka riƙa juya dokar 1986 a kife, suna farawa da mafi girman lamba ko da babbar tana lafiya lau. Masu kula da yawa sun wayi gari sun tarar cewa na'urar da aka tanada don ranar masifa tana aiki dare da rana, kuma kusan duk abin da ke ratsa ta shara ne.

Matsalar da ta fi wannan muni ta taso ne daga alkawarin da ke cikin lamba 250. Babbar saba ta san sunayen masu adireshi a yankinta, don haka idan aka kawo wasiƙa ga sunan da babu shi takan amsa da 550 tun mai kawowa yana kan layi, nauyin ya tsaya a wuyansa. Mataimakiyar da ba ta da wannan jeri takan karɓi komai, ta ɗauki alhaki, sai ta je miƙawa babbar ta ƙi, kuma ƙa'ida ta wajabta mata sanar da mai wasiƙar. Tun da masu tarkace da ƙwayoyin cutar kwamfuta na farkon shekarun 2000 sunan wasu suke arowa su rubuta a matsayin mai aikawa, sanarwar takan faɗa kan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wani lokaci dubbai a rana ɗaya, har aka buɗe jerin baƙin littafi na musamman don sabobin da ke yin haka. Maganin shi ne a ba mataimakiyar cikakken jerin masu adireshi, abin da Postfix ke yi ta relay_recipient_maps, a kuma riƙa sabunta shi duk lokacin da aka ɗauki ma'aikaci ko aka sallami wani. Wasu sun gwada sa ta tambayi babbar saba kafin ta amsa, dabarar da ke aiki ƙwarai muddin babbar tana raye, wato a daidai lokacin da ba a buƙatar mataimakiyar. Ta kowace hanya aka bi, alfarmar da a da layi ɗaya a fayil ya ishe ta ta koma aikin da ke neman a damƙa wa wani sunayen dukan ma'aikata, a kuma daidaita matattarar na'urori biyu kullum, kuma ba kowane aboki ne zai ɗauki wannan kyauta ba.

Wani abin lura shi ne yadda masu kare kai suka koma amfani da haƙurin da ƙa'idar ta ɗora wa mai aikawa a matsayin makami. A 2003 Evan Harris ya bayyana dabarar da saba ke amsa wa duk baƙon da ba ta sani ba da lambar 4, ta karɓe shi idan ya dawo bayan 'yan mintuna, bisa hujjar cewa sabar kirki za ta dawo, manhajar tarkace kuwa ta wuce gaba. Dabarar takan lalace idan mataimakiya ba ta yin irinta, domin wanda aka kora daga gaba sai ya zagaya ta baya. Wasu sun rubuta MX na ƙarya a ƙasan jeri ko a samansa, na'urar da ba ta amsa kowa, don ta zama tarko ga masu farawa daga baya ko masu gwadawa sau ɗaya. Haka gurbin da Partridge ya tanada don taimako ya koma wurin kafa tarko.

Ƙa'idojin tantance mai aikawa sun ƙara wa al'adar nauyi. SPF, wadda aka rubuta a RFC 4408 a 2006, tana duba ko adireshin na'urar da ta kawo wasiƙa yana cikin waɗanda yankin mai aikawa ya lamunce wa, alhali wasiƙar da ta biyo ta hannun mataimakiya da adireshin mataimakiyar take isowa, don haka dole a yi binciken tun a wurinta, babbar kuma ta yarda da hukuncinta. DMARC ta 2015 ta ɗora hukunci a kan sakamakon irin wannan bincike, MTA-STS ta 2018 kuma ta ba yanki damar shelanta cewa kada a kawo masa wasiƙa sai ta ɓoyayyen layi zuwa na'urori masu ingantacciyar takardar shaida, sharaɗin da ya hau kan duk sabar da ke cikin jerin, har da wadda ba a tuna da ita sai shekara-shekara. Takardar shaidar da wa'adinta ya ƙare a kan mataimakiya ba ta bayyana sai ranar da babbar ta faɗi.

A daidai wannan lokaci yawancin yankuna sun daina riƙe wasiƙunsu da kansu. Google ya buɗe Gmail a 2004, ya fara karɓar wasiƙun yankunan kamfanoni da makarantu a 2006, kuma shekaru da dama yana ba abokan cinikinsa sunaye biyar su rubuta a DNS, na farko da lamba 1, biyu da 5, biyu da 10, jerin da ke kama da tsohuwar al'ada duk da cewa dukan na'urorin na gida ɗaya ne kuma sun san masu adireshi iri ɗaya. A 2023 ya fara ba sababbin abokan ciniki suna ɗaya tak, abin da Microsoft ya daɗe yana yi. Tanadin ko-ta-kwana bai ɓace ba a waɗannan kamfanoni, ya koma bayan sunan ne, inda na'urori masu yawa a cibiyoyi dabam-dabam ke amsa kira ɗaya, mai aikawa kuma ba ya ganin wadda ta faɗi. A 2015 RFC 7505 ta ƙara wa MX wani aiki da masu tsara shi ba su tanada ba, wato yanki ya rubuta lamba 0 da ɗigo a gurbin sunan na'ura don ya shelanta cewa ba ya karɓar wasiƙa sam, masu aikawa su daina ɓata kwana 5 suna jira.

Waɗanda suka rage suna kafa sabar ko-ta-kwana a yau galibi su ne masu riƙe imel ɗinsu a gida ko a ofis bisa layin da ba shi da tabbas, da jami'o'i da hukumomin da doka ko tsarinsu ya hana su miƙa wasiƙunsu ga kamfanin waje, da masu sha'awar sana'ar don kanta. Ra'ayin masana a kansu ya rabu, wasu na ganin yankin da katsewarsa ba ta wuce 'yan awoyi gara ya bar masu aikawa su jira, wasu na ganin wanda zai iya yin mako a kashe ba shi da zaɓi. Waɗanda suka zaɓi kafawa sukan yi hayar ƙaramar na'ura a wata cibiyar bayanai da ke wani gari kuma a kan layin wani kamfani, su ɗora mata matattara irin ta babbar, su sa jerin masu adireshi ya riƙa kwafuwa da kansa, su ɗaga wa'adin layin jira sama da kwana 5 ta maximal_queue_lifetime na Postfix ko makamancinsa, sannan su riƙa kashe babbar saba da gangan lokaci-lokaci don su ga ko wasiƙar gwaji za ta sauka a kan ta biyun ta kuma ƙarasa inda aka nufa.